Ta'aziyyar Kawu, Wanda Ya Hana Kwamfuta Cewa Lafiya Lau

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata bayan la'asar, a ɗakinsa na gidan Nassarawa. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni tun ina 'yar firamare bayan rasuwar babana, shi ya riƙe ni, shi ya koya mini aikin kwamfutar da nake cin abinci da shi yau. Ina zaune a gefen gadonsa rai ya yi halinsa.

Kafin a gama yi masa sutura gida ya cika maƙil. Wata maƙwabciyarmu ta shigo falon mata tana sharar hawaye, tana cewa, “Allah sarki Alhaji, mutum mai sanyin hali, ba ruwansa da kowa.” Na ɗago na dube ta. Sanyin hali? Kawu? Mutumin da ya taɓa jifan mijinta da buta saboda ya jona wayar wuta ta kan katangarmu? Na haɗiye maganar don zaman makoki ake. Ta tagar kicin kuma na jiyo wani tsohon abokin aikinsa yana raɗa wa na kusa da shi, “Gwani ne, sai dai hannunsa ya fi bakinsa sauri.” Wannan kam bai yi ƙarya ba. Kukan da na fi yarda da shi na direban Kawu ne, wani dattijo mutumin Jigawa da ya yi furfura a gidanmu. Ya zauna a bakin gareji ya rufe fuska da hula yana cewa, “Wa zai zage ni da safe yanzu? Wa zai ce na cinye masa kulocin mota?”

Da aka fito da shi za a yi salla, liman ya yi kiran da aka saba, duk wanda mamaci ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, “Mun yafe.” Direba ya ce mini baki ne ke amsawa, idanu kuwa duk suna kan ƙofar gida, domin mutum ɗayan da ake son ji daga bakinsa bai zo ba. Yaya ke nan, ɗan Kawu na fari, taubashina. A Legas yake zaune, kuma rabonsa da gidan nan tun ranar da ubansa ya karya masa hannu.

Ana tafiya kai shi makwanci Umma, matar Kawu, ta ja ni ɗakinta ta turo ƙofa. Ta ce Yaya ya yi waya, yana hanya. Ta kama hannuwana biyu ta riƙe.

“Ke ce a wurin da ya cika. Idan yayanki ya iso, ki ce masa babansa ya nemi gafararsa kafin ya rasu. Ke zai yarda da maganarki.”

Na ce, “Umma, ai bai nema ba.”

“Na sani! Ni za ki gaya wa halin mijina? Ki faɗa kawai. So kike ya kwanta da haƙƙin ɗansa a wuya? So kike yaron nan ya koma da wannan abin a ransa har tasa mutuwar?”

Na zare hannuwana na koma falo. Maganar da na yi ta juyawa ke nan ina karɓar gaisuwa, kuma ba za a gane nauyinta ba sai an san wane ne Kawu.

Kawu ba ya amsa gaisuwa yadda 'yan Adam ke amsawa. Ka ce masa, “Alhaji, an tashi lafiya?” sai ya ce, “Ban tashi lafiya ba, gwiwa ta hana ni sakat.” Ka ce, “Ya aiki?” ya ce, “Ya lalace tun jiya.” Baƙo ya rasa inda zai sa kansa. Yakan ce mu mutanen Kano, mutum na kwance a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa, ka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. “Tsakanin mutane ladabi ne, na ji,” in ji shi. “Amma duk wanda ya koya wa na'urata wannan ladabin, sai na ci masa mutunci.” Mu dariya muke yi idan ya faɗa.

A ɗakunan bayan gida yake aikinsa, inda masu gidan na da suke ajiye kuku da boyi. Ya fasa bangon tsakani ya jera manyan kwamfutoci, da na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa. Shekarun nan ne da aka dawo mulkin farar hula aka kuma ƙaddamar da shari'a, gari na ta kamfe da wa'azi, kowa ya fara son kwamfuta a wurin sana'arsa. Ƙananan asibitoci da masu kemis da lauyoyi sukan kawo masa tsofaffin kwamfutocinsu idan sun fara tari. Shi kuma sai ya kwashe duk abin da ke cikin rumbun tsohuwar, tun daga manhajar da ke tayar da ita har takarda ta ƙarshe, ya zuba a fayil guda ƙato. Wannan fayil ɗin muke kira hoton rumbu. Idan aka ɗora shi a kan babbar na'urar Kawu aka kunna, sai tsohuwar kwamfutar ta farka a ciki yadda mai ita ya san ta, illa dai ba ta da gangar jiki. Kwamfuta a cikin kwamfuta ke nan, kuma babba ɗaya takan goya da yawa.

Hatsarin duk a wurin zubawar yake. Aiki ne mai jan lokaci, kuma a garin nan me ba zai faru ba kafin a gama? A ɗauke wuta, janareto ya shaƙe, ko wurin da ake zubawa ya cika. Idan aikin ya yanke a tsakiya, rabin fayil zai rage, kuma a ido ba shi da maraba da cikakke.

Ranar da na fara zama da shi bayan na gama jami'a, ya sa ni haɗa hoton wani tsohon rumbu na gwaji. Aiki ya yi nisa, sai kawai ya miƙa ƙafa ya fizge wayar daga bango. Ɗif!

Na ce, “Kawu, lafiya?”

“Ni ne masu wuta yau. Kunna ki ga abin da na bar miki.”

Na kunna, ga fayil zaune daram da sunan da na ba shi. Ya daki tebur har kofin shayinsa ya faɗi ya tarwatse.

“Wa ya raɗa masa suna? A garinku ana yanka rago ne tun mace na kan gwiwa?”

Ina tsince fasassun kofin yana zuba mini karatu, da tsawa, kamar na kashe masa wani. Kafin a fara, a auna wurin da za a zuba a ga ko zai ɗauka. Sabon fayil da sunan wucin gadi ake fara shi, can gefe, kada ya kusanci wanda ke nan tun da. Duk matakin da aka taka a saurari abin da na'ura ta ce. In ta ce ta kasa, a tsaya cak, ta fito da dalilin da jan rubutu ƙuru-ƙuru, sannan a share rabin da aka fara, shi kaɗai, kada garin shara a haɗa da na wani. In kuwa ta ce ta gama, to nan ne ma Kawu ba ya yarda da ita. Sai an gwada hoton da asalinsa, an kunna shi, mai kaya ya zo ya buɗe takardunsa da hannunsa. A nan ne zai jingina da kujera ya ce, “To, a raɗa masa suna.” Yana gama faɗan ya aika aka sayo mini tsire, ya ce in ci kafin in suma masa a ɗaki.

Haka yake. Na ga ya mari mai gyaran wuta saboda ya haɗa waya da leda. Na kuma ga ranar da naƙuda ta zo wa matar direba da gardama, ya fizge makulli daga hannun mijin da ke rawar jiki, ya ja motar da kansa yana zagin duk wanda ya sha gabansa har bakin asibiti, ya kuma ba da jininsa. Direba bai taɓa samun damar yi masa godiya ba, don duk sanda ya buɗe baki sai Kawu ya ce ya je ya wanke taya.

Yaya kuwa halin Umma ya ɗauko. Fara'a, sanyin murya, ba ya son ganin ran kowa ya ɓaci. A aikin ma ya fi ni kai, nesa ba kusa ba, ko da yake ban taɓa faɗa a gabansa ba, don taubashi ba a ba shi wannan fuskar. Shi yakan ce da ni, “Masifaffiyar Baba,” ni kuma in ce masa, “Malam Sannu-sannu.” Masu kawo aiki shi suke nema. Wani Alhaji mai kemis ya taɓa ganin jan rubutun nan a allo ya dafe ƙirji yana salati, ya zaci dukiyarsa ce ta ƙone, Yaya ne ya zaunar da shi ya ba shi ruwa. Ina jin daga ranar abin ya shiga ransa. Sai ya rubuta wata 'yar manhaja tasa, wadda yake amfani da ita idan Kawu ba ya gari. Tana da sauri ƙwarai. Kai tsaye take zubawa a kan sunan ƙarshe, in na'ura ta yi ƙorafi ta haɗiye, a ƙarshe kuma ta rubuta da kore, “Alhamdulillahi, an kammala lafiya.” Ba mugunta ba ce. A ganinsa matsala ba kullum take zuwa ba, in ta zo ma zai duba daga baya ba tare da an tayar wa kowa hankali ba. Ni ban san da ita ba, Kawu ma bai sani ba.

Cikin masu hulɗa da mu akwai wata likita 'yar kudu, Kirista, da ta daɗe a Kano. Tana da ɗan asibitinta ta wajen unguwar Gama, yawancin marasa lafiyarta yara ne masu sikila. Duk bayanansu a wata tsohuwar kwamfuta suke: wane irin jini ake ƙara wa wane, wane magani jikin wane ba ya so, sau nawa ciwo ya kayar da shi. Kawu ya taɓa haɗa mata hoton rumbun da hannunsa, lafiyayye, yana ajiye a wurinmu. Da zaɓe ya matso gari ya fara ɗaukar zafi, sai ta ce a sabunta shi don yara sun ƙaru. Kawu ya tafi jana'iza ƙauye. Yaya ya ɗauko kwamfutar, ya sa manhajarsa, ya ga kore, ya mayar mata da abinta asibiti.

Ranar da aka faɗi sakamakon zaɓen, tun hantsi muka ga hayaƙi ya turnuƙe sama ta kowace kusurwa. Ana ta waya, an ƙone can, an sare wane. Kawu bai yi shawara da kowa ba. Ya kwashi hijaban Umma ya cusa a mota, ya ce wa direba, “Gama.” Umma ta bi su har ƙofa tana kuka tana cewa zai mayar da ita bazawara. Da suka dawo gilashin baya babu, likitar da ma'aikatanta mata suna kwance a ƙasan kujera cikin hijabai. Muka shigar da su ɗakin na'urori muka rufe.

Ashe an biyo su. Ba a jima ba muka ji ihu a layinmu, layin da ko akuya ba ta cika bi ba. Ta saman bene na leƙa. Samari ne, wasu ko gemu ba su fara ba, idanu jajur, da gora da adda, ɗaya na riƙe da jarkar fetur. Suna dukan ƙofa suna cewa, “A fito mana da su!” Kawu ya tuɓe riga ya rage daga shi sai singileti, ya ɗauki ƙarfen jak na ɗaga mota, ya buɗe ƙaramar ƙofa ya tsaya a bakinta.

“Baƙina ne,” ya ce. “Duk wanda uwarsa ta gaji da shi ya matso.”

Wani ya matso. Addar ta sauka a goshin Kawu ta zame zuwa kunne, na ga fata ta buɗe, jini ya rufe masa rabin fuska. Ko gezau bai yi ba. Ya kai wa yaron ƙarfen a muƙamuƙi, na ji ƙarar daga bene, yaron ya zube yana tofar da haƙora. Suka yi masa ca. Direba ya fito da taɓarya yana kabbara yana kai duka ta ko'ina, aka fasa masa kai shi ma. Mai jarka ya fara watsa fetur a jikin ƙofa, warin ya hau har inda nake, na tabbata yau za mu ƙone da ranmu. Jiniyar motar sojoji ce ta tarwatsa su. Suka ja ɗan'uwansu a ƙasa suka gudu, suka bar takalma da jini a kan kwalta.

A ɗakin na'urori likitar ta ɗinke masa goshi, ba allurar kashe zafi. Tana cikin ɗinkin aka yi mata waya cewa asibitinta ya zama toka. Ta ƙarasa ɗinkin, ta yanke zaren, sannan ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ba ginin take kira ba, sunayen yaran take kira. Kawu ya dube ta da ido ɗayan da ke buɗe ya ce, “Likita, bulo suka ƙone. Yaranki suna cikin na'urar nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Ni na gaya miki.”

Washegari da safe, kai a naɗe, ya zauna ya kunna hoton a gabanta. Ya fara tashi, ya tsaya. Ya sake kunnawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya duba girman fayil ɗin, bai kai rabin yadda ya kamata ba. Ya ce ba komai, akwai na bara. Ya nema, babu na bara, domin sabon a kansa aka zuba, suna ɗaya, ya cinye shi tun daga farko. Sai ya bi sawun aikin. Wurin zubawa ne ya cika ana tsakiya, na'ura ta yi ta kururuwa cewa ta kasa, wani abu ya toshe mata baki. Ya buɗe manhajar Yaya ya karanta. Ya ɗago ya dube ni.

“Kira mini yayanki.”

Yaya ya shigo da sallama, da kofin shayi a hannu ya kawo wa likita.

“Zo ka karanta mini wannan layin.”

Ya sunkuya ya karanta. Ya ajiye kofin a kan tebur.

“Me yake nufi? Da Hausa.”

“Baba, idan an samu kuskure, a wuce.”

“A wuce,” in ji Kawu.

Akwai wani ƙarfe jingine da bango, irin wanda ake ɗora na'ura a kai. Ban ga lokacin da ya ɗauka ba. Kai ya nufa, wallahi kai ya nufa, Yaya ya tare da hannun dama. Ƙashin ya yi ƙara kamar an karya busasshen icce. Yaya ya faɗi, Kawu ya bi shi, a kafaɗa, a haƙarƙari, yana cewa, “A wuce! A wuce!” Na ɗare bayansa na riƙe wuyansa, ya watsar da ni na bugu da bango. Umma ta shigo da gudu ta kwanta a kan ɗanta. Sai da direba, da nasa rotsen, ya rungume shi ta baya ya ɗaga shi sama sannan ƙarfen ya faɗi. Ɗinkin goshinsa ya ɓalle, jininsa na ɗiga a kan rigar Yaya. Yaya bai yi kuka ba, bai ce a yi haƙuri ba. Kallon ubansa kawai yake, hannun na lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasawa.

Likitar da aka yi wa asarar ita ta ɗaure hannun da katakon kwali da ɗankwalin Umma. Da ta gama ta miƙe ta dubi Kawu ta ce da Hausarta mai kyau, “Alhaji, jiya na ɗauka ka fi su.”

Daga asibiti Yaya bai dawo gida ba. Hannun ya warke a karkace, har yau ba ya miƙewa. Likita ta tattara ta bar Kano. Ba zan ce wani yaro ya mutu saboda fayil ɗin nan ba, don ban sani ba, amma na ga iyaye mata suna zuwa ƙofarmu da yara masu idanu rawaya, an ce musu bayanan 'ya'yansu na wurin Alhaji. Kawu da kansa yake fita ya ce musu, “Babu. A hannuna ya lalace.” Wata ta tofa masa yawu a riga, bai goge ba. Ya riƙa zuba su a mota yana kai su ana sake gwajin jini tun daga farko, yana zama a benci da yaro a cinya har a kira su.

Ya je wurin liman ya tambaye shi hukuncin wanda ya karya hannun ɗansa, a shirye yake a kai shi gaban alƙali. Liman ya ce masa ba alƙali ne maganinsa ba, ya je ya nemi yaron ya ce ya yi kuskure. Kawu ya dawo gida. Da alƙalin aka ce, da ya je da ƙafarsa. Maimakon haka sai ya zauna ya gyara manhajar Yaya layi-layi, ya mayar mata da bakinta, ya bar dabarun saurin yadda suke, ya bar sunan Yaya a samanta. Da ita muke aiki har yau. Wata rana yana dubawa ya ce, kamar da kansa yake magana, “Yaron nan ya fi ni iya rubutu.”

Na ce, “To ka gaya masa mana. Ga waya.”

“Fita ki ba ni wuri.”

Ni ma fa jininsa ce. Na ce, “Ba inda za ni! Kai da ka hana na'ura ɓoye laifinta, naka fa? Shekara nawa kana cewa a wuce?”

Ya miƙe ya ɗaga hannu. Na naɗe hannun rigata na miƙa masa nawa na ce, “Ga shi, Kawu. Karya. Sai mu zama biyu.” Ya daɗe yana kallon hannun. Ya koma ya zauna. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, ko da irin tasa amsar, amma daga ranar ban sake ganin ya taɓa lafiyar kowa ba. Wayar dai bai kira ba. Na so shi, na kuma ji haushinsa, duka biyun da gaske, har ranar da ya mutu.

Ranar Talatar, bayan na idar da la'asar a gefen gadonsa, ya buɗe ido ya kama bakin hijabina. Muryar ta tafi, sai na kai kunne.

“Ki ce wa yayanki…”

Tari ya sarƙe shi. Na ɗaga shi, na goge masa baki, na jira. Ya sake yunƙurawa.

“Ki ce masa…”

Na ce, “Ina ji, Kawu. Me zan ce masa?” Leɓɓansa suka motsa, ba abin da ya fito. Na ga idon ya fara juyawa, sai na bar tambayar na shiga laƙƙana masa kalmar shahada. Abin da ke hannuna ke nan, babu ƙari.

Yaya ya iso washegarin jana'iza da azahar, furfura ta fara cin gemunsa. Ya zauna cikin maza a rumfa ya karɓi gaisuwa da hannun hagu. Bayan la'asar ya same ni a ɗakin na'urori, don mutuwa ba ta hana su neman mai duba su. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba. Umma na bayansa, idonta a kaina.

“Masifaffiyar Baba,” ya ce, ba dariya a muryar. “Umma ta ce kina da saƙona.”

Na dubi Umma. Tana gyaɗa mini kai a hankali, hawaye na zuba. Wallahi na so in faɗa. Kalma uku ce, kowa ya huta. Na buɗe baki na ji ba za ta fito ba.

“Yaya, bai nemi gafararka ba. Ya ce in ce maka, sai tari ya kama shi. Ya sake farawa, bai ƙarasa ba. Ban san me zai ce ba.”

Marin Umma ya sauka a kuncina har sai da na ga wuta. Matar da ko tsawa ba ta taɓa yi mini ba. “Muguwa! Halinsa kika ɗauko! Me zai rage ki da shi?” Yaya kuma ya shigo ya yi ƙwallo da kujerar Kawu, ta daki bango ƙafarta ta ɓalle. “Ko a bakin mutuwa!” yake cewa. “Ko a bakin mutuwa ba zai iya ba!” Ya naushi ƙofar ƙarfe da hannun mai lafiya har fatar yatsunsa ta saluɓe. Na tsaya dafe da kunci ina cewa a raina, shi ke nan, na kashe maganar da hannuna.

Ya jingina da bango yana haki. Can ya ce, “Sake faɗa mini. Yadda ya faɗa.”

Na sake.

“Wani ne ya sa shi? Umma ce ta ce ya ambace ni?”

“Ba kowa a ɗakin sai ni, kuma ban ce masa komai ba. Shi ya kama hijabina.”

“Sau biyu?”

“Sau biyu.”

Ya share jinin yatsunsa a riga. Ya dubi mahaifiyarsa ya ce, “Umma, da ta ce mini ya nemi gafara, da yanzu ina tasha. Na san ubana.” Ya fita tsakar gida ya ɗaga murya ya kira direba, “Baba, tashi ka nuna mini inda kuka sa shi.”

Mata ba sa zuwa, don haka daga bakin direba na ji sauran. Ya ce da suka isa, Yaya ya ce masa ya koma mota ya jira. Daga can yana jiyo shi yana yi wa kabarin faɗa, da ƙarfi, har masu haƙa suka dakata suna kallo. Ya faɗi ta hannun, ya faɗi ta shekarun, ya faɗi ta 'ya'yansa da ba su san kakansu ba. Da ya ƙare ya durƙusa a kan ƙasar. Na ce wa direba, “Ka ji ya ce ya yafe?” Ya ce, “Hajiya, ban ji ba, ba zan ce na ji ba. Na dai ga ya ɗaga hannuwa yana addu'a, ɗaya sama, ɗayan iya inda yake kaiwa.”

Ya Allah, Ka karɓi wannan addu'ar. Ka gafarta wa Kawu, Ka yi masa sassaucin da shi bai iya yi wa ɗansa ba.